Zuwa ga Alhajin da ya tambaya: "Shekara biyun me?"

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe.

A taron iyayen yara ka ɗauki lasifika ka jefo mini tambaya, washegari kuma muryarka ta zagaye WhatsApp daga Marwa har Garwa. Ka ce wanda ya riga ya yi lisans a Larabci ko Jamusanci, shekara biyun me zai sake kashewa a ENS, makarantar horar da malaman sakandare, kafin a kira shi malami? Ka ce mu masu horarwa ne muka ƙago abin don mu ci gumin 'ya'yan talakawa, kuma waɗanda muke yayewa ko gaisuwa ba su iya ba. Ka rufe da dariya, wai wa zai ji Jamusanci a Mora.

Ta ƙarshen ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Dutsen Mora ya ji Jamusanci har Fabrairun 1916, lokacin da sojojin Jamus da ke kansa suka miƙa wuya, amma bar wannan. Manhaja ce ta ce yaro ya ɗauki harshen waje na biyu daga aji katiriyem, wato shekara ta uku a sakandare, ya rubuta shi a jarrabawar BEPC, wanda ya bi sashen adabi na A4 kuma ya tafi da shi har bak, jarrabawar gama sakandare. Ko ka so ko ka ƙi, dole wani ya tsaya gaban allo.

Zancen cin gumi ne ya sosa mini rai. Mai lisans yana shiga zango na biyu na ENS ne ta konkur, wato jarrabawar gasa, ba ta hannun wani malami ba. Ya yi aji huɗu da aji biyar, ya fita da DIPES II, takardar koyarwa a lise. ENS ta Marwa, da aka kafa tare da jami'ar garin a 2008, tana horar da malaman Jamusanci, Sifaniyanci, Italiyanci, Larabci da Sinanci. Kafin ta, ɗan Arewa mai son wannan aiki sai ya niƙi gari zuwa Yawunde. Ban ji ka yi kukan kuɗin mota a wancan lokacin ba.

Me ake yi a shekara biyun? Ana koya wa mutum abin da lisans ba ta koyarwa. Ɗauki aji mai yara tamanin da darasi na minti 55. Ko malam bai ce uffan ba, kowane yaro daƙiƙa arba'in da 'yan kai zai samu ya buɗe baki. Wanda ba a horar ba sai ya cika allo da juyin aikatau, ya yi bayani da Faransanci, yara su kwafa, a tashi. Shekara ta ƙare ba wanda ya iya tambayar kuɗin tumatir. Wanda aka horar yana shiga da fish, wato takardar shirin darasi: manufa ɗaya tak, yanayi daga rayuwa kamar yadda tsarin APC na koyarwa ta hanyar iya aiki ya nema, sabbin kalmomi kaɗan, sauraro kafin karatu, sannan ya haɗa yara biyu-biyu a kan bencinsu, bakin arba'in na motsi lokaci guda. Hana wannan ya koma hayaniyar kasuwa shi kansa ilimi ne.

Ga kuma yaron namu. Yana zuwa da Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa, an ɗora masa Faransanci da Turanci, to wannan harshe na huɗu ne ko na biyar a kansa. Bahaushe yana cakuɗa p da f, yana cusa wasali tsakanin baƙaƙe, Straße ta koma "sitirasa". Amma kunnensa na rarrabe dogon wasali da gajere, don haka Stadt da Staat ba sa ba shi wahala in an nuna masa. A Sinanci, ma ɗaya takan zama uwa ko doki ko zagi gwargwadon karin murya. Malamin da ya tuna wa yara kukan jariri da kukar miya ya gama rabin aikin a minti biyar. Larabci ma, da kake ganin gado ne, ya fi ko wanne tarko. Ɗan makarantar allo yana karanta rubutu mai wasali kamar ruwa, amma a ce ya rubuta wa abokinsa layi uku, sai gumi. Ɗan Kusiri yana zuba Shuwa, malamin da bai san aikinsa ba ya yi ta zabga masa jan biro har ya daina magana. Wanda ya dawo daga Azhar malami ne, muna cire masa hula. Tsara jarrabawa da rabon maki a kan ashirin, da cika littafin darussa na aji, da bin jadawalin shekara, ba a can ake koyonsu ba.

A shekarar ƙarshe akwai sitaj: ɗalibi ya zauna bayan aji yana kallon gogaggen malami, sannan a miƙa masa alli, sannan sufeto ya zo ya ga darasinsa ya ba shi maki. Akwai kundin bincike da zai kare gaban alƙalai.

Inda kake da gaskiya ba zan ɓoye ba. Akwai masu fita bakinsu na rawa, domin lisans ɗin kanta karatun adabi ce da nahawu, magana kaɗan. Sitaj kuma ya yi gajarta. Maganin wannan ƙarin horo ne, da auna baki da ma'aunin ƙwarewar harshe na B2 ko jarrabawar Sinanci ta HSK, ba sokewa ba.

Amma Alhaji, ina muryarka a Fabrairun 2022, da malamai suka ajiye alli da taken OTS, wato "mun gaji da haƙuri"? A lokacin sabon malami yana karɓar kashi biyu cikin uku na albashi, wani ko matirkil, lambar ma'aikacin gwamnati, bai samu ba shekara da shekaru. Malamin motsa jiki na lisen Beka ya rasu a Maris na shekarar bayan kusan shekara goma yana jira. A wannan shekarar kuma aka sanar za a raba horo da ɗaukar aiki, takardar ba ta ƙara zama tikitin albashi ba. Wanda Jamusancinsa ya nuna, me zai zaunar da shi?

Kowa a garin nan ya san kana da kolej, ya kuma san 'yan vakater kake ɗauka, kana biyansu da awa, hutu ba ko dala. Mai DIPES II ya fi tsada, wannan na fahimta. Ka ba mu aji ɗaya na katiriyem a makarantarka, wata uku, mu turo ɗan sitaj, malaminka ya riƙe ɗaya ajin. Iyayen da ka tara su zo su saurari yaran, lasifikar ma kai za ka riƙe.

Wassalam,
ƙaninka, mai horar da malaman harsuna, Marwa.