Wasiƙa Zuwa Damagaram Kan Kalmar "Treacherous"

Zariya, Jihar Kaduna.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Damagaram baki ɗaya, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, na kuma yi murna da yadda ka duƙufa ga koyon Ingilishi a kan Faransancin da ka yi karatu da shi. Ka tambaye ni dalilin da ya sa ƙamus ya ba ka fassara biyu ga kalmar "treacherous", wato mai haɗari da maci amana, alhali ba ka ga abin da ya haɗa su ba.

A ganina ma'anar guda ce, kuma kai ka fi ni kusa da tushenta. Kalmar tana cikin ɗimbin kalmomin da Ingilishi ya aro daga tsohon Faransanci a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi, kuma danginta ɗaya da "tricher" da kuke faɗa wa ɗalibin da ya saci amsa a jarrabawa. Saboda haka yaudara ce asalinta, kuma mutum aka fara siffantawa da ita. Abokin gaba da ya fito fili ya ja daga ba ya shiga ƙarƙashinta, komai muguntarsa. Wanda ake nufi shi ne wanda aka saki jiki da shi, ya bari sai da aka sakankance sannan ya cutar, abin da muke kira zamba cikin aminci. Lokacin da jiragen yaƙin Japan suka kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, ranar 7 ga Disamba, 1941, suka kashe Amurkawa fiye da 2,400, jakadun Japan suna birnin Washington ana tattaunawar zaman lafiya da su. Washegari, da Shugaba Roosevelt na Amurka ya tsaya gaban majalisar dokoki yana neman a ayyana yaƙi, ya kira abin da aka yi musu "treachery", wadda ita ce sunan aikin.

Daga nan ne aka aro wa abubuwa marasa rai wannan hali, kuma nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Zaki abin tsoro ne, amma Bature zai ce masa "dangerous" kawai, domin duk wanda ya gan shi ya san abin da ke gabansa. "Treacherous" sai wurin da ido ya ga lafiya, ƙafa ta taka, sannan halaka ta bayyana. A gaɓar Morecambe da ke arewa maso yammacin Ingila, idan ruwan teku ya janye yakan bar shimfiɗaɗɗen yashi mai nisan gaske da mutum zai ɗauka fili ne na tafiya, amma akwai wuraren da ke haɗiye ƙafa, kuma ruwan yakan dawo da saurin da ba a iya tsere masa. A watan Fabrairu na 2004 ruwan ya ritsa da wasu leburori 'yan ƙasar Sin da ke tsintar wani irin katantanwar teku da dare, aƙalla 21 suka mutu. Irin wannan wuri ake kira da kalmar. Haka kuma za ka ji ta a rahoton yanayi na lokacin hunturu, idan siririyar ƙanƙara ta kwanta bisa kwalta ta yadda direba ba zai gan ta ba sai mota ta sulluɓe masa. Da ni aka ba aikin fassara, ba zan tsaya ga "mai haɗari" ba, domin rabin maganar ya zube. Na fi son lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi, ko da yake ta yi wa labaran rediyo tsawo.

Sai ka kiyaye kada ka gauraya ta da "treason", duk da kamar da suka yi a kunne. Wannan laifi ne a shari'a, cin amanar ƙasa, kuma tushenta ɗaya da "trahison" ɗinku. A nan Nijeriya, a 1963 kotu ta yanke wa Cif Obafemi Awolowo hukuncin ɗaurin shekara goma kan wani laifi na wannan babin. Amini ko abokin ciniki da ya ha'ince ka ya yi "treachery", amma babu alƙalin da zai tuhume shi da "treason".

Game da furucin "treacherous", gaɓa uku ce, ana danna ta farko, kuma wasalinta gajeren "e" ne kamar na "head", ba "i" ba. Na ambaci wannan ne saboda harshen da ya saba da "tricher" zai so ya ja ka wajen.

Idan za ka sake rubuto mini, ka haɗa jimla biyu da kalmar, ɗaya kan mutum, ɗaya kan hanya ko kogi, in duba maka. Ka gaishe mini da Baba da Inna, ka shafa kan yara. Iyalina suna gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini.