Kalmar "ba a iya aiki" ba sallama ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarmu mai farin jini in ba da labarin kawuna, manomin shinkafa a fadamar Argungu, ko wani ya amfana.

Abin ya faro ne da tuwo yana tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa. Ya koma kunu da fura, daga baya su ma suka soma gagara. Wata biyar muna cewa gyambon ciki ne, muna sayen magani a kemis, mutum yana ta ramewa har rigarsa ta koma kamar ta aro. Sai da aka zura masa na'urar hange ta baki aka gano ciwon daji ne a bututun da abinci ke bi zuwa ciki.

Da likita ya ce ba za a iya yi masa aiki ba, yayyena suka fara naɗe tabarma, wai a koma gida a jira ikon Allah. Ni ma na kusa binsu. Likitan ne ya tsayar da mu, ya ce akwai gashi da na'ura, wato ƙona ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi, haɗe da kemo, maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, a lokaci guda. Kemon yana raunana ƙwayoyin cutar yadda gashin zai fi cin su, shi ya sa ba a raba su in jikin majinyaci zai ɗauka. An rubuta masa gashi sau 28, Litinin zuwa Juma'a, kusan mako shida, ga ƙarin ruwan kemo a tsakani.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Wajen mako na uku haɗiya ta ƙara zafi, da robar da aka sa masa a ciki muke ba shi kunun gyaɗa da madara. Ya sha cewa, "Ɗana, mayar da ni gida." Amma an gargaɗe mu cewa tsallake kwanaki yana rage ƙarfin maganin, don haka muka daure.

Abin da ya fi karya mu ma ba allura ba ce, zaman Sakkwato ne, inda ake yi masa gashin: hayar ɗaki, abinci, kuɗin mota. Buhu goma sha biyu na shinkafa da san noma guda suka tafi. A gabana wani dattijo ya bar gashinsa a rabi saboda guzuri ya ƙare.

Asusun tallafin masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya ya fara ne da na mama da bakin mahaifa da mafitsarar maza. Ina roƙon a faɗaɗa shi, gwamnatin Kebbi da masu hali kuma su kama gida kusa da asibiti domin majinyatanmu.

Kawu dai likitoci ba su ce ya rabu da cutar ba, muna komawa duba. Amma shekaranjiya ya ci tuwo mai laushi da miyar kuka, loma bakwai, ina zaune ina ƙirgawa.

Naku,
Wani malamin firamare,
Argungu, Jihar Kebbi