A duba lambar da ke jikin gem kafin a miƙa wa yaro waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan ƙananan yara da buga gem, abin da ya shiga kusan kowane gida amma ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba.

Jikana ɗan shekara 5 ne, kwanan nan ya fara koya a wayar mahaifiyarsa. Motar tsere yake tuƙawa da manyan yatsunsa biyu, harshe a waje, duk inda motar ta karkata sai jikinsa ya bi ta. Ta afka rami ya sake, ta kuma afkawa ya sake, har ya haye. Wannan nacin ya burge ni, shi ya sa ban goyi bayan masu cewa a hana yara kwata-kwata ba. Wanda aka hana a gida, gidan gem na bakin layi yana jiran sa, inda ba mai tambayar shekarunsa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tallar da ke faɗowa da zarar an gama zagaye. Gem ɗin kyauta ne, to da talla masu shi suke cin abinci. Sai ka ga hoton harbe-harbe ya cika allo, wurin rufewa ɗan mitsitsi can a lungu, yatsan yaro ya kuskure shi, ya tsinci kansa a shafin saukar da wani abu daban. Yaron da bai iya karatu ba, ina zai san me ya danna?

Ga kuma abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: gem yana zuwa da lambar shekaru. A Turai tun 2003 ake amfani da tsarin PEGI mai matakai 3, 7, 12, 16 da 18, kuma Play Store ma yana nuna irin wannan lamba kusa da sunan gem. Minecraft na 'yan shekara 7 ne zuwa sama. GTA V kuwa 18 aka rubuta masa, amma leƙa gidan gem da yamma ka ga 'yan firamare sun yi cirko-cirko a bayan samari suna kallon sa, da fashin da kisan duka. Wallahi abin yana ci mini rai.

Batun lokaci ma akwai magana. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana a gaban allo. Ƙasar Sin kuwa ta tsananta, don a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. A wurinmu wannan aiki yana wuyan uwa da uba.

Roƙona gare ka, Edita, ka ware shafi guda a nuna wa iyaye da hotuna inda lambar take, da yadda ake saita Family Link, manhajar Google da iyaye ke kula da wayar yara da ita, don ƙayyade lokaci da hana sayayya, da cewa kashe data yana tsayar da yawancin tallar a gem ɗin da ba ya buƙatar intanet. A kuma ji ta bakin masu gidajen gem, ko za su yarda su ware wa ƙanana lokacinsu da na'urarsu daban.

Wassalam.

Naka,
Wani kaka daga Zariya