Mu 'Yan Sa-kai Ne, Ba 'Yan Kallon Gobara Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan gidan rediyonku, na rubuto ne domin in bayyana ɓacin raina game da shirinku na daren Laraba, inda baƙonku ya ce duk wanda ya ruga wurin gobara ba tare da kakin gwamnati a jikinsa ba, to ko dai ɗan kallo ne ko mai neman abin ɗauka. Furucin ya yi mini zafi, kuma shirun mai gabatarwa ya ƙara mini zafin, domin bai tambaye shi ko ya taɓa jin labarin 'yan sa-kai masu horo ba, sai ma ya ce masa haka ne, ya wuce zuwa tambaya ta gaba.

Ranka ya daɗe, ni ɗaya ne daga cikin mutanen da aka yi wa wannan kuɗin goro. Ɗinki ne sana'ata, kuma na shiga aikin kashe gobara na sa-kai a unguwarmu da ke cikin birnin Zariya bayan wata gobarar hunturu da ta cinye gidan maƙwabcinmu muna tsaye riƙe da bokitai, babu wanda ya san ta inda zai fara. Ba kowa ake ɗauka ba. Sai mai unguwa ya shaida halin mutum, limamin masallacinsa ya san shi, sannan a rubuta sunansa a littafi. Bayan haka wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kwana-kwana yake horar da mu a filin makarantar firamare ranar Asabar da safe, kyauta, don Allah. Babu albashi, babu alawus. Daga aljihunmu muke yin karo-karo duk mako, da shi muka sayi tsani, da guduma, da almakashin yanke ƙarfe, da tukwanen kashe wuta, muka kuma ajiye bokitan yashi a shagunan bakin hanya.

Baƙonku ya shawarci jama'a su koma gefe su jira mota. Da alama bai taɓa shiga lungunan Kwarbai ko na bayan Babban Dodo ba, inda ko Keke Napep sai ya yi dabara kafin ya wuce, balle babbar motar ruwa. Ko da an kira lambar gaggawa ta 112 a kan lokaci, ko da motar ta taso nan take, a bakin titi za ta tsaya, kuma mintunan farko da ake iya ceton rai a cikinsu suna hannun maƙwabta ne. Abin da ya rage shi ne ko waɗannan maƙwabtan sun san abin da suke yi ko ba su sani ba.

Mu an koya mana. Kafin ɗigon ruwa ya taɓa wutar, ɗayanmu zai ruga ya cire fis ko ya kashe mita, domin yawancin gobarar da na halarta ta tashi ne lokacin da aka dawo da wutar lantarki da tsakar dare, an manta hita a cikin bokiti ko dutsen guga a kan tabarma. Idan man gyaɗa ne ya kama a kasko, ko fetur ɗin da aka ɓoye a jarka a ɗaki, ba ma barin kowa ya watsa ruwa, saboda man yana taso wa saman ruwa ya bazu da wutarsa, sai dai yashi ko jiƙaƙƙen bargo. Idan tukunyar gas ce, mukan fara janye mutane nesa. Mun san hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, shi ya sa muke shiga da rarrafe, da jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci. Mun san gidajen da suke da rijiya da waɗanda suke da burtsatse, kuma muna da lambobin 'yan garuwa waɗanda suke turo kurarsu cikin dare ba tare da sun tsaya ciniki ba. Na ga ranar da ƙarafan taga da aka sa don tsoron ɓarayi suka tsare uwa da 'ya'yanta a ɗaki, ƙofa kuma tana ci da wuta, kuma almakashin nan da muka saya da karo-karo ne ya fitar da su da yardar Allah.

Akwai wani abu kuma da baƙo ba zai iya ba. Gidajenmu na kulle ne, kuma baƙon namiji yakan yi turus a zaure ko da wuta na ci. Ɗan unguwa kuwa ya san ɗakin da tsohuwa take kwana, ya san yawan yaran gidan, zai iya ƙirga su a waje ya ce saura ɗaya.

Ba na musun cewa akwai 'yan kallo masu ɗaukar hoto da waya, akwai kuma ɓata-gari masu fakewa da taimako su kwashi kaya. To, su wa suke korar su? Mu ne muke ja musu layi, mu tsare kayan da aka fitar har mai gida ya dawo hayyacinsa. Mu ne muke buɗe wa ma'aikatan kwana-kwana hanya, mu ja musu mesa zuwa cikin lungu, kuma idan fusatattun matasa suka ɗauki duwatsu suna cewa an makara, mu ne muke shiga tsakani. Ma'aikatan da kansu sun san da haka, kuma ba su taɓa kiranmu da sunan da aka kira mu a gidanku ba.

A Jamus, ƙasar da ba ta rasa kuɗin biyan ma'aikata ba, kusan mutum miliyan guda ne suke aikin kashe gobara na sa-kai, kuma su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. A Amurka ma 'yan sa-kai sun fi masu albashi yawa. Mu da muka ga yadda gobarar kasuwar Sabon Garin Kano ta 2016 ta lashe dubban shaguna cikin dare, kuma muke da cunkushin kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru a gabanmu, bai kamata a yi amfani da rediyo wajen kashe gwiwar masu son shiga wannan aiki ba. Washegarin shirinku wani matashi da yake shirin rubuta sunansa ya gaya mini mahaifinsa ya hana shi, don kada a ce ɗansa yana cikin ɓarayin gobara.

Har ila yau, na yi ta kiran layin da kuke bayarwa domin in mayar da martani a daren, amma bai shiga ba, kuma kusan rabin lokacin shirin tallar maganin gargajiya ce ta cinye shi. Ya kamata ku duba wannan.

Ina roƙon ku gyara wannan magana a fili, a cikin shirin da aka yi ta, kafin sanyin bana ya kankama mutane su fara shigar da kaskon gawayi ɗakunan kwana. Ku gayyaci dattijon da yake horar da mu tare da wani jami'in kwana-kwana mai ci, su yi wa jama'a bayanin yadda kowace unguwa za ta kafa nata 'yan sa-kai. A shirye muke mu zo duk ranar da kuka sa.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga cikin birnin Zariya.