Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi: Waƙar Makafi, Gangara da Maganar Hannu

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa mambobi. Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanarku a bana, har da wuraren da aka samu tangarɗa.

Mun fara da naɗar waƙoƙin makafi, domin can ne tushenmu. Tun kafin rediyo ya shigo gidaje, makafi ne suka riƙe waƙoƙin wa'azi da bege a ka, ɗaya na bayarwa, saura na amshi. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Infiraji, makaho ne, kuma bakin makafi na cikin abin da ya kai baitocinsa kasuwanni da tashoshi. Jama'a na jin wannan su ce bara ce kawai. Mu kuwa muna ganin fasaha ce mai kari da ƙa'ida, kuma tana tafiya da tsofaffin da suka haddace ta.

Naɗin farko ya lalace, don makirfo ɗaya muka sa, amshi ya danne mai bayarwa, ga ƙarar adaidaita. Yanzu biyu muke sawa: ɗaya kamar taƙi guda daga bakin mai bayarwa, ɗaya a tsakiyar 'yan amshi, a ɗaki mai labule da shimfiɗa, fanka a kashe. Yardar mawaƙi ma da murya muke ɗauka bayan an karanta masa sharuɗɗan, domin dangwala yatsa a takardar da bai ji ba ba yarda ba ce. Kowa ya tafi da waƙarsa a katin waya.

Aiki na biyu shi ne zauren da muke haya. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma matakala na nan daram a yawancin zauruka. Mun shawo kan mai wurin aka yi gangara. Ƙa'idarta: duk santimita 1 na tsayi, santimita 12 na tsawo. Dakalin ƙofar santimita 45 ne, ke nan gangarar mita 5 da santimita 40. Magini ya so ya taƙaita ta don rage siminti, muka ƙi, saboda gangara mai tsaye baya take kifar da keke. Tayil kuma santsi yake da damina, sai aka bar siminti mai kaushi, da ƙarfen dafawa gefe biyu.

A nan muka yi kuskure biyu. Mun auna filin juyawa da keken asibiti, mita ɗaya da rabi, alhali mafi yawan guragunmu keke mai ƙafa uku na tuƙin hannu suke hawa, wanda ya fi tsawo, sai da aka faɗaɗa. Na biyun ya fi ciwo: mun gyara ƙofar shiga, mun manta dandamali. A taron 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, ɗaukar 'yan wasanmu aka yi cak aka ɗora a gaban jama'a. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, bai tsaya ga kallo ba, ya haɗa da damar mutum ya nuna tasa fasahar. Yanzu akwai gangarar katako da ake jinginawa a dandamalin.

Wajen kurame, tafinta ɗaya bai isa ba. Dattawa da waɗanda ba su yi boko ba da maganar hannu ta Hausa suke zance, 'yan makaranta irin su Tudun Maliki kuwa sun fi sabawa da wadda ta samo asali daga Amurka. Dole a samu mai kowacce, a kuma riƙa canji kamar duk minti 20, don hannu da ƙwaƙwalwa na gajiya. Tafinta ya sa riga marar ado, fitila mai caji na haska shi, domin da an ɗauke wuta, mai ji yana ci gaba da saurare, kurma kuwa taro ya ƙare masa.

Rubutun makafi, na ɗigo-ɗigo da ake karantawa da yatsa, wanda makarantar makafi ta Gindiri ke koyarwa tun 1953, ya ba mu wahala. Manhajar da ke juya rubutu zuwa na makafi na kan tsarin Turanci, sai ta watsar da ɓ, ɗ da ƙ, ta kuma gajarta kalmomin Hausa da ƙa'idar Turanci. Yanzu ba a buga shafi sai makaho ya bi shi da yatsa. A tsaye ake jera littattafan, jibgewa na danne ɗigon.

Abin da ya rage wa baɗi: bayan gida mai ƙofar santimita 90, horar da masu bayyana wa makafi abin da ke gudana a dandamali a tsakanin maganganun 'yan wasa, da naɗar waƙoƙin makafi mata, wanda mata ne za su yi shi a gidajensu. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi da baki a taro, tare da tafinta.

Wassalam,
Kwamitin Gudanarwa