Wasiƙa zuwa ga aminina kan sunayen masu sarauta a littattafan Ingila

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Mu ma nan sai godiyar Allah.

Na ga tambayarka a kan littafin Jane Austen da kake karantawa, Pride and Prejudice na 1813: me ya sa ake kiran wata Lady Lucas da sunan gidan mijinta, wata kuma Lady Catherine da sunanta na yanka, alhali kowaccensu Sir ta aura? Wallahi tambayar ta yi mini daɗi, domin a nan ne yawancin ɗalibaina suke wucewa ba su lura ba.

Mu fara da namijin. Duk wanda aka ba lambar Sir, da sunansa na yanka ake haɗa ta. Sir William Lucas ne, in za a taƙaita a ce Sir William, amma Bature ba zai ce Sir Lucas ba. Abin ba baƙo ba ne gare mu, tunda mu ma Malam Aminu muke cewa, ba Malam Kano ba. Haka kuma Turawan suka riƙa kiran Sardauna Sir Ahmadu, Firayim Minista kuma Sir Abubakar, bayan Sarauniya ta ba su lambar.

Matar Sir William sunan gidan ta ɗauka, domin darajar tata daga miji ta samo ta. Ita kuwa Lady Catherine 'yar earl ce, wato babban basarake mai sarautar gado, cikin sarauta aka haife ta, shi ya sa ko da ta auri Sir Lewis de Bourgh ba ta ajiye sunanta ba. Mai karatu na wancan zamani da jin sunayen nan biyu ya san wadda za a ba wuri a gaba, kuma ya san dalilin isar da Lady Catherine take yi wa kowa. Shi Sir William ɗan kasuwa ne a Meryton. Yana magajin gari ya yi wa sarki jawabi, aka ba shi lambar, kuma irin tasa ba a gadonta, ɗansa Mista Lucas zai tsaya. Sai ka dubi Darcy, jarumin littafin: fam 10,000 a shekara, jikan earl ta wajen uwa, amma Mista kawai ake ce masa.

Akwai kuma Sir na gado, wato baronet. Sarki James na Ɗaya ya ƙirƙiro shi a 1611 don samun kuɗin riƙe sojoji a Ayalan, kowane mai so ya biya fam 1,095. In ka kai ga Persuasion, wani littafin Jane Austen, za ka tarar da Sir Walter Elliot, mutumin da ba ya buɗe wani littafi don nishaɗi sai kundin sunayen baronet, kullum a shafin da aka rubuta nasa. Bashi ya yi masa katutu, ba shi da ɗa namiji, sarautar wani ɗan uwa za ta koma.

Wanda ya fi burge ni shi ne Dickens a Bleak House na 1853. Sufeto Bucket yana zaune gaban maigidan yana tona masa asirin matarsa, bini-bini sai ya ce masa "Sir Leicester Dedlock, Baronet". Wannan cikakken suna a bayan ambulan ake rubuta shi, a baki Sir Leicester ya isa. Ɗan sandan yana ta ɗora masa girma, alhali wuƙa da nama suna hannunsa, dattijon kuwa yana ji yana gani gidansa na rushewa. Duk sanda na karanta wurin nan sai tausayinsa ya kama ni.

A wajen Shakespeare ka yi hattara, don a zamaninsa har limaman coci ana ce musu Sir. Sir Hugh Evans na cikin wasansa The Merry Wives of Windsor malamin coci ne, ba jarumin fada ba.

In ka gama littafin ka rubuto mini yadda ka ga zuwan Lady Catherine gidan su Elizabeth, jarumar littafin, ina so in ji hukuncinka a kai. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Naka har kullum,
Amininka