Kan ɗan itacen nan mai siffar tauraro da ake ta yayi a Kano

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan karambola, wanda 'yan gayu ke ce wa sita furut saboda in kin yanka shi a kwance sai ya fito kamar tauraro mai kusurwa biyar.

Ni sana'ata haɗa zoɓo da lemo na biki da suna, to ranar da na fara ganinsa a wani shago ta wajen Zoo Road ban yi wata-wata ba na siyo guda uku, da tsada kam, don ba irin kayan da za ka je 'Yan Lemo ka tarar an jibge kamar kankana ba ne. Asalinsa daga can Asiya ne, su Malesiya da Indonesiya da Filifin. Akwai mai zaƙi akwai mai tsami, in ya nuna sai ya yi rawaya gefunan su ɗan yi ruwan ƙasa, kore kuwa tsaminsa kamar ɗanyen mangwaro. Ba a fere shi, wankewa za ki yi ki kankare gefunan ki cire 'ya'yan shi kenan. Ina yanka shi siri-siri in jefa a zoɓo mai abarba da citta, wallahi mata har hoto suke ɗauka kafin su sha, mai tsamin kuma na gwada a farfesun kifi maimakon lemon tsami kuma ya yi daɗi. Yana da bitamin C wajen miligiram 34 a giram 100, kalori kusan 31 kawai, sauran kusan duk ruwa ne.

Amma abin da ya sa na rubuto daban ne. Baffana yana wankin ƙoda sau biyu a sati, kwanaki wata 'yar uwarmu ta zo dubiya da karambolan a leda, da zuciya ɗaya baiwar Allah, wai ta gani a TikTok yana wanke jini yana sauke hawan jini, har an yanka an jera a faranti an ajiye masa gefen katifa, Allah ne ya sa ƙanina ya ce a dakata a kira likitansa tukunna. Likita ya ce ko yanki ɗaya kar ya kai bakinsa. Jikina sai da ya yi sanyi, don ni kaina da ke zuba wa mutane shi a biki ban sani ba.

Ashe karambola yana ɗauke da wani dafi da ake kira karamboksin, masu bincike a Brazil suka gano shi a 2013, ga sinadarin oksalet mai yawa, wanda ke iya taruwa ya zama tsakuwar ƙoda. Ƙoda mai lafiya tana tace dafin ya fita ta fitsari, wadda ta gaza kuwa sai ya taru ya hau ƙwaƙwalwa, mutum ya fara shaƙuwar da ba ta tsayawa, amai, ruɗewa, jijjiga kamar mai farfaɗiya, wasu har rai suke rasawa. Ko mai lafiya bai kamata ya kwankwaɗi ruwansa da yawa cikinsa wayam ba, ku tuna lokacin shan ruwa da azumi a zafin Kano. Mai tsakuwar ƙoda ma ya ƙyale shi. Kuma nawa ne masu suga da hawan jini a gidajenmu da ƙodarsu ta fara taɓuwa ba su sani ba?

Roƙona Edita, ku samo likitan ƙoda daga asibitin Malam Aminu Kano ya yi wa mutane bayani a shafinku na lafiya, masu shaguna kuma su manna 'yar takarda da Hausa kusa da shi. Ni dai na daina zuba shi a zoɓon taro, sai wanda ya ce yana so, shi ma sai na tambaye shi lafiyar ƙodarsa.

Daga mai karanta ku kullum, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.